Kwanan Mota Lokacin Hunturu: Yadda Za Ka Riƙe Ɗumi Ba Tare Da Ka Sa Ranka Cikin Haɗari Ba

 Yau ba saitin waya za mu taɓa ba. Za mu yi magana ne a kan abin da ke damun duk wanda dare ya taɓa riska a tasha cikin watan Disamba ko Janairu, wato yadda mutum zai kwana cikin mota, ko saman lodi, ya samu barci ba tare da sanyi ya hana shi sakat ba. Fawa bank zai shigo cikin zancen, batirin mota zai shigo, wayarka ma tana da nata aikin.

Me ya kawo wannan magana?

Duk wanda ya san hanyar Gusau zuwa Kaura Namoda, da wadda ta wuce Shinkafi, da wadda ta bi ta Zurmi ta ɓulle Jibiya, ya san matsalar tsaro ta sa mutane sun rage tafiyar dare. Direba in yamma ta yi masa, gara ya kwana inda yake. Masu zuwa cin kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis da yawa tun Laraba suke isa. Wani ya samu masauki, wani ya kwana cikin bas, yaron mota kuwa sau da yawa saman kaya yake hayewa ya ja tamfol ya rufa. Da zafi ba laifi. Da hunturu kuwa, akwai dararen da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15, ga iska mai ƙura tana kaɗawa, kuma mafi tsananinsa gab da asuba ne.

Turawa ma suna da irin wannan matsala, har ta zama fanni a wurinsu. Akwai motocin yawon buɗe ido da ake kwana cikinsu. Kamfanin Westfalia na Jamus ya fara mayar da bas ɗin Volkswagen ɗakin kwana tun 1951, kuma daga 1988 aka fara fitar da samfurin da ake kira California. Irin waɗannan motoci rufinsu na ɗagawa sama, sai gado ya bayyana a can, gefe da gefe kuma yadi ne kamar na tanti. Wannan gadon na sama shi ne wuri mafi sanyi a motar, domin tsakanin mai barci da iskar waje babu komai sai ƙyalle guda. Idan ka duba da kyau, halin da yaron mota ke ciki ke nan a saman lodi ƙarƙashin tamfol. Saboda haka dabarun da suke amfani da su za su yi mana aiki, sai dai mu canza kayan zuwa waɗanda ake samu a kasuwarmu.

Abu na farko: kai ne hita

Mutum babba yana barci jikinsa na fitar da zafi kimanin wat 70 zuwa 80. Ka riƙe wannan lamba, domin duk kayan ɗumi na USB da ake tallatawa ba su kai ta ba. Bargo ba ya samar da zafi ko kaɗan, aikinsa kawai ya hana zafin jikinka gudu. To ashe aikin da ke gabanmu shi ne toshe hanyoyin da zafin ke bi yana fita. Hanyoyin uku ne.

Ta farko, taɓawa. Duk abin da jikinka ya taɓa mai sanyi yana zuƙe maka zafi. Ƙarfe yana ɗaukar zafi fiye da iskar da ke tsaye wuri ɗaya kusan sau 2,000. Ruwa yana ɗauka fiye da iska sama da sau 20. Shi ya sa kwanciya kan dandamalin akori-kura, ko kwana da riga mai laima, ke sa mutum karkarwa ko da ya lulluɓa da bargo biyu.

Ta biyu, kaɗawar iska. Jikinka na ɗumama 'yar iskar da ke kewaye da shi. Da zarar iskar waje ta samu kafa ta shigo, sai ta kwashe ta, jikinka ya koma ɗumama wata daga farko. Haka za a yi ta yi har gari ya waye.

Ta uku ita ce wadda mutane ba su cika sani ba. Duk abu mai ɗumi yana haska zafinsa zuwa ga abin da ya fi shi sanyi, ko da ba su taɓa juna ba, kamar yadda kake jin zafin garwashi daga nesa. Da dare sararin sama ya fi komai sanyi. Rufin mota da gilashinta suna fuskantarsa kai tsaye, sai su yi ta haska masa zafinsu har su fi iskar da ke wurin sanyi. Kai kuma da ke ciki sai jikinka ya riƙa haska musu naka.

Yanzu bari mu bi su mataki-mataki.

Mataki na 1: Wurin da aka ajiye mota

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa. Idan da hali, a ajiye mota inda gini, ko katanga, ko wata babbar mota za ta tare mata wannan ɓangare. Buɗe kamfas ɗin wayarka ka duba, ko ka yi amfani da alƙibla: a yankinmu tana gabas ne ta ɗan karkata arewa, don haka iskar ta hannun hagun mai sallah ta gaba take zuwa. Idan akwai rumfa ko itace mai ganye, shiga ƙarƙashi ya fi fili, domin yana raba rufin motar da sararin sama. Amma tsaro ne gaba da komai. Kada neman mafakar iska ya sa ka ware daga inda jama'a da masu gadi suke.

Mataki na 2: Fara da ƙasa, ba sama ba

Yawancin mutane bargo suke tarawa a sama su manta da ƙasa. Bargon da ka kwanta a kai nauyinka ya danne shi, iskar da ke cikinsa ta fita, amfaninsa ya ragu. Abin da ake so a ƙasa shi ne wanda ba ya lotsewa gaba ɗaya. Masu motocin Turai suna sa shimfiɗar soso mai tauri ƙarƙashin katifar gadon sama. Mu a nan kwali ya wadatar. Kwalin taliya ko na sabulu, a buɗe shi a shimfiɗa ninki biyu ko uku, domin tsakanin takardunsa akwai ramukan iska. A kansa a ɗora tabarma ko darduma, sannan 'yar katifa in akwai. Idan saman buhunan hatsi za ka kwanta, kada ka ce ai ba ƙarfe ba ne. Buhun gero da ya sha sanyi shi ma yana zuƙar zafin jiki, a shimfiɗa kwalin dai.

Mataki na 3: Bango biyu

Babbar dabarar masu rufi mai ɗagawa ita ce ƙara wa yadin riga. Ko dai su naɗe shi ta waje da mayafi mai soso, ko su rataya wani ta ciki, yadda za a samu iska tsayayya tsakanin biyun. Wannan iskar da aka tsare ita ce ke riƙe ɗumin.

Ga mai kwana saman lodi: a ɗaure tamfol sosai ta ɓangaren da iska ke bugowa, a danne bakinsa kada ya riƙa kaɗawa. Sannan a ja igiya ta ciki a rataya bargo ko zani, a bar tazarar yatsa biyu zuwa uku tsakaninsa da tamfol. Kada tamfol ya taɓa jikinka ko abin rufarka. Wanda ke da gidan sauro, ya kafa shi ya yafa zani a kansa, ya zama ɗan ɗaki cikin ɗaki. Ƙaramin wuri ya fi saurin ɗumi da wat 80 ɗin nan naka.

Ga mai kwana cikin bas ko ƙaramar mota: gilashi ne babbar kafa. A yanka kwali daidai kowace taga a manna ta ciki. Abin nan mai ƙyalli da ake sawa a gilashin gaba saboda rana, da dare ma yana aiki, yana maido da zafin da jiki ke haskawa. Sharaɗinsa ɗaya ne: fuskar mai ƙyallin ta kalli cikin motar, kuma kada a rufe ta da wani abu. In an manna ta jikin kwali ko ƙyalle, ƙyallin ya tashi aiki. Idan kai kaɗai ne a bas mai kujeru da yawa, rataya bargo ka raba motar biyu, ka kwana a ƙaramin ɓangaren.

Mataki na 4: Bar wa iska 'yar kafa

Kada a rufe ko'ina ruf. A sassauta taga ɗaya kamar faɗin yatsa, ta ɓangaren da iska ba ta bugowa. Numfashin mutum na ɗauke da tururi, in mutum huɗu ko biyar suka kwana a mota rufe, da asuba za ka ga gilashi na zufa, barguna sun yi laima, laima kuwa ita ce abokiyar sanyi. Ɗumin da za a rasa ta wannan 'yar kafa kaɗan ne idan aka gwada da amfaninta.

Mataki na 5: Abin da ka sa a jiki

Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, saboda iskar da ke tsakaninsu. Rigar da ka yini da ita kana dako ko lodi ta sha gumi, cire ta ka sa busasshiya kafin ka kwanta. Hular sanyi da safa su ne mafi araha kuma mafi amfani, domin kai da ƙafa ne ke saurin fita daga bargo. Ka ci abinci kafin barci, jiki ba ya yin zafi da yunwa.

Yanzu sai kayan lantarki: mu yi lissafi

Ana sayar da shimfiɗar ɗumi da bargo masu aiki da USB. Kafin ka kashe kuɗinka, ga yadda ake gane tsawon lokacin da fawa bank zai riƙe su. Lambar mAh da ke jikin kwali ba ita ce ƙarfin gaske ba, sai an mayar da ita Wh:

mAh × 3.7 ÷ 1,000 = Wh

Fawa bank mai 20,000mAh ke nan yana da 74Wh. Wajen ɗaga wutar zuwa 5V ana asarar wani kaso, abin da zai fito a zahiri kimanin 60Wh ne. Shimfiɗar USB ta yau da kullum tana jan 5V da 2A, wato wat 10. Raba 60 da 10, ka samu awa 6. Mai 10,000mAh kuwa awa 3 kacal. Wannan in fawa bank ɗin na gaskiya ne, domin akwai waɗanda lambar jikinsu ta fi abin da ke cikinsu nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado.

Tunda ba zai kai ka asuba yana kunne ba, yi masa dabara. Kunna shi minti 30 lokacin kwanciya ya ɗumama shimfiɗa, ka kashe, ka adana sauran sai wajen ƙarfe 3 na dare lokacin da sanyi ke tsananta. Sa shi cikin bargo wajen baya ko ƙafa, ba a saman bargo ba. Shi kuwa fawa bank ɗin, a bar shi waje inda zai sha iska, kada a danne shi da jiki ko filo, kuma in ya kumbura a rabu da shi. Ka tuna kuma, a hanyoyin nan wayarka mai caji ta fi bargo mai ɗumi muhimmanci. Kada ka ƙarar da wutar da za ka kira gida da ita.

Akwai kuma bargo mai 12V da ake sokawa a wurin kunna sigari. Irin mai wat 45 yana jan kusan 3.75A. A awa 8 ya sha 30Ah, rabin batirin ƙaramar mota mai 60Ah ke nan. Batirin tayar da mota ba a yi shi don a zuƙe shi haka ba. Da safe sai ka murza makulli ka ji shiru, a dawo neman masu turi, kuma in aka maimaita sau da yawa batirin ya mutu. In dole ne, a sa mita ƙarama mai nuna ƙarfin batir: cikakke yana nuna wajen 12.6V, in ya sauko 12.2V ya kai rabi, tun kafin nan a cire. Tirela da manyan motoci kuwa galibi 24V ne, kada a soka musu kayan 12V sai an tambayi mai gyaran wutar mota.

Ga abin mamaki. Lita ɗaya ta ruwa tana sakin 1.16Wh duk lokacin da ta huce da digiri ɗaya. Lita 2 daga digiri 70 zuwa 35 ke nan: 2 × 35 × 1.16, wato kimanin 81Wh. Ya fi abin da ke cikin fawa bank mai 20,000mAh, kuma a wurin mai shayin tasha za ka same shi. A zuba a jakar ruwan zafi ta roba irin ta kemis, ko gora mai kauri da murfinta ke ɗaurewa sosai, a naɗe da tawul a sa wajen ƙafa. Robar ruwan sha ko ta lemo ba ta jure ruwa mai zafi sosai, tana lanƙwashewa ta zubar. Kada abu mai zafi ya zauna kan fata kai tsaye, domin ko digiri 44 in ya daɗe awanni wuri ɗaya yana ƙona mutum. A kula musamman da jarirai, da masu ciwon suga da ƙafarsu ba ta jin zafi.

Masu motocin Turai da direbobin tirelarsu suna da hita mai amfani da dizal, irin ta kamfanonin Webasto da Eberspächer na Jamus. Ƙaramar mai kilowat 2 ba ta wuce kusan kwatan lita a awa ba. Sirrinta shi ne wutar tana ci cikin rufaffen akwati, hayaƙin na fita waje ta bututunsa, iska mai tsabta ce kawai ke shiga ɗakin. Tana da tsada, kuma in ba ƙwararre ya ɗaura ta ba haɗari ce. Ga sanyinmu na 'yan watanni, kwali da bargo da ruwan zafi sun isa.

Abin da ke kisa: kasko da inji

Nan ne zuciyar darasin, don Allah a karanta da kyau. Sanyin hunturu yana wahalar da lafiyayyen mutum, amma abin da ke kashe mai kwanan mota shi ne maganin da yake yi wa sanyin. Duk abin da ke ci da wuta, gawayi ne, risho ne, gas ne, janareto ne ko injin mota, yana fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Garwashin da ya daina hayaƙi ya yi ja zur bai daina fitar da ita ba. Tana kama jinin mutum fiye da iskar oksijin sama da sau 200, sai jini ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Wanda ke farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Wanda ke barci babu abin da zai tashe shi.

Saboda haka dokokin guda uku ne, babu sassauci. Kada kasko ko risho ya shiga mota ko ƙarƙashin tamfol, ko da an sassauta taga. Kada a kwana da inji a kunne don hitar mota, domin motocinmu da yawa salansarsu ta fashe, ƙasansu ya huje, hayaƙin yana shigowa ba a sani ba. Kada a kwanta kusa da bakin salansar wata mota da ke kunne, ko kusa da janareto. In za a ji ɗumin wuta, a ji shi a fili, a kashe, sannan a shiga a kwanta.

Idan aka tarar da mutum a mota ya kasa tashi, ko mutane da yawa suka farka da ciwon kai lokaci ɗaya, a buɗe ƙofofi, a fito da kowa sarari, a garzaya asibiti mafi kusa a gaya musu ana zargin hayaƙi ne, domin oksijin ne maganin. Ba manja ba, ba madara ba.

Abin da wayarka ke iyawa da wanda ba ta iyawa

Mu da ke rubuta manhaja mun san cewa manhaja ba ta iya auna abin da wayar ba ta da na'urar aunawa. Wayoyin da ke hannunmu ba su da na'urar gano kabon monoksaid, duk manhajar da ta ce tana yi ƙarya take. Agogon hannu mai auna oksijin na jini shi ma ba abin dogaro ba ne a nan, yana iya nuna lamba mai kyau alhali gubar ta cika jinin. Abin da ke aiki shi ne ƙararrawa ta musamman mai batir. In za ka saya, duba jikinta ka ga EN 50291 ko UL 2034, ka duba ranar ƙarewar aikinta, ka danna maɓallin gwaji. Kuma ba ita ce ƙararrawar gobara ba, aikinsu daban. Ko da kana da ita, ba lasisin shigar da kasko ba ne.

Haka manhajojin auna zafin ɗaki. Galaxy S4 ta 2013 tana da wannan na'ura, amma yawancin wayoyin yanzu ba su da ita, zafin batir kawai suke nuna maka ko abin da suka kwaso a intanet. In kana son sanin gaskiyar sanyin cikin motarka, akwai ƙaramin ma'aunin zafi da laima na Xiaomi mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, batirin CR2032 yake amfani da shi. Da shi za ka iya gwaji: dare ɗaya babu kwali a taga, dare ɗaya da kwali, ka ga bambancin da idonka.

Inda wayar ke da amfani sosai shi ne hasashen yanayi. Hukumar NiMet tana fitar da nata, manhajar yanayi ta waya ma tana nuna awa-awa. Lambar da za ka duba ita ce mafi ƙanƙantar zafin dare da ƙarfin iska, ba ta rana ba. Tunda sabis ba shi da tabbas a wasu wuraren, ɗauki hoton allon tun kana cikin gari.

Kayan da za ka ajiye a mota daga Nuwamba zuwa Fabrairu

Kwali buɗaɗɗe guda huɗu ko biyar, tabarma, bargo biyu, igiya, abin tare rana mai ƙyalli, hular sanyi, safa, busasshiyar riga cikin leda, jakar ruwan zafi, fawa bank cike da caji, da tocila. Mai hali ya ƙara da ƙararrawar kabon monoksaid. Duk cikinsu babu mai cin wuri, kuma rigakafi ya fi magani.

Kusan kowannenmu yana da yaya ko ƙane ko baba da ke bin mota, kuma ba duka ke karanta irin wannan ba. Ko ba ka iya gaya masa komai ba, gaya masa maganar kasko da inji. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Sai mun haɗu a darasi na gaba, inda za mu ga yadda ake gwada fawa bank a gane na gaskiya da na jabu.